Tazuge

A gonar auduga, bayan Lagdo,
kububuwa ta sari Yauba a idon sawu.
Na zare tazugena na ɗaure masa ƙwauri,
na ja har jijiyar wuyana ta miƙe.
Na ce dafi ba zai hau ba.

Kafin babur ya kai mu Garwa
ƙafar ta koma gindin tukunya.

Malama Dudu ta dubi ƙullin,
ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, "Dafi ba akuya ba ne da za a ɗaure.
Ka tare wa ƙafa jini,
ka kulle ta ɗaki guda da maƙiyinta.
Da kara ka sa mata, ka hana ta motsi,
ka ɗauko shi, kar ya taka."

Na ce, to ɗauri sai yaushe?
"Ran da jini ke tsartuwa,
ka danna, ka danna, ya ƙi tsayawa.
Nan ka ɗaure sama da raunin,
ka riƙe ƙarfe nawa ne."

Yauba ya tashi. Yatsu biyu sun tafi.
Bana ma tare muka tsinci auduga,
yana ɗingishi, yana min tsiya:
"Talle, riƙe wandonka, kar ya faɗi."