Tudun da Mota Ba Ta Sani Ba

Duk wanda ya ce maka Zariya shimfiɗe take kamar faifai,
a mota ya ratsa ta.
Ka ba shi keke,
ka ce ku haɗu a Kwangila bayan asuba,
cinyarsa za ta ba shi wani labarin.

Ni da Tanimu mai gyaran rediyo muka fita,
shi da siririn kekensa ɗan gwanjo, mai giya goma sha biyu,
ni da nawa, wanda likita ya rubuta mini
a ƙasan takardar maganin hawan jini.

Gada ce ta fara gaishe mu.
Na miƙe a kan feda, sirdi ya huta, ni ban huta ba.
Daga nan hanya ta kwanta kamar ba ruwanta,
alhali ɗagawa take kaɗan-kaɗan
irin ta farashin gero:
ba ka gani, sai dai ka ji a jikinka.

Tirela ta wuce, ta watsa mana ruwan daren jiya.
Tanimu ya ce: Allah ya kiyaye hanya.
Ni abin da na ce, iska ta tafi da shi,
gara haka.

Samaru. Masu shayi suna hura wuta.
Wani yaro ya ɗaga murya:
Baba, sace mashin ɗin aka yi?
Da ina da rarar numfashi, da na ba shi amsa.

Bayan nan hira ta mutu.
Sai kukan cen, sai zuciya tana lugude a kunne,
taɓarya biyu, turmi ɗaya.
Na sauke giya. Na sake saukewa.
Na laluba wata, babu.
Dabara ta ƙare ke nan,
saura kai, da tudu, da tuwon da ka ci jiya.

Na daina kallon ƙarshen hanya.
Maƙaryaci ne,
ka isa inda ya ce, ka tarar ya matsa.
Na koma ƙirga falwaya.
In na kai waccan zan sauka.
Na kai. Ban sauka ba.
To, waccan.
Haka na yi ta yaudarar tsoho ɗan sittin da uku
har muka bar kwalta wajen Shika,
muka hau jar ƙasa
tsakanin masarar da ta fi mu tsawo.

Sanyi ne ya riga ido isowa.
Sai ga shi.
Ruwa, kwance, iya ganinka,
ya haɗiye sama da gajimarenta bai ƙoshi ba.
Wani masunci yana kwarfe kwalekwale da rabin jarka,
ko kallo ba mu ishe shi ba.

Na jingine keke, ƙafafuna ba su yarda an tsaya ba,
suna ta rawa su kaɗai.
Na ce: Tanimu, dubi ikon Allah.
Wata nawa famfon gidana yana tari ba ya kawo komai,
'yan garuwa sun san sunan jikokina,
ashe ga shi nan yana barci.

Ya kwance ledar ƙosan da ya huce tun a Samaru,
ya miƙo mini uku,
ya ce: To, da bai zo ba, ai kai ka zo.

Na tsuguna, gwiwa ta yi ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Na ɗebo da tafi biyu, na wanke gishirin fuska.
Na cika gorata, ba don sha ba,
Uwani zan kai wa,
ita da ta ce ko gada ba zan haye ba.

Komawa gangara ce, in ji Tanimu, kyauta.
Na ce ba kyauta ba ce, na biya tun ɗazu,
rasit ɗin yana nan a ƙwaurina.

Muka saki birki.
Iska ta cika rigata, ta mai da ni ƙato.
Gora tana bugun ƙarfen keke, ƙwal, ƙwal,
lita ɗaya ta ruwan dam
za ta shiga gari yau,
ba ta bututu ba.