Shafi na Bakwai

Dare uku na yi ina jera shafuka,
talatin da biyu, kowane da kansa da ɗigo-ɗigonsa,
bango shuɗi, harafi fari,
da hoton wani fako da na ɗauka a Badagishiri.
Na zuba su a kile, na rataya a wuya.

Tawa, zauren horo, ƙarfe tara.
Manoma ashirin da huɗu a kan kujerun roba.
Aka ja labule, majigi ya haska,
ido duk ya koma bango,
ni kuwa na zama murya a gefe
mai karanta musu abin da ba su tambaya ba.

A shafi na bakwai aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Sahabi mai gadi ya leƙo ya ce
gurup na nan, gazuwal ne babu.

Daga cikin duhu tsoho Tanimune ya yi gyaran murya:
Malama, ruwan nan da kike faɗa,
a bango yake gudu ko a ƙasa?

Muka fita gindin bedi.
Na ari tiren mai shayi, na cika shi da rairayi,
na tokare gefe guda da dutse.
Na tsiyaya buta.
Ruwa ya gangara bai yi wa kowa sallama ba.
Sai na sa babban yatsa na tona rabin wata,
baki sama, ƙeya ƙasa,
na sake tsiyayawa.
Ya zo, ya tsaya, ya zauna.

Rakiya ta Kalfu ta ture mini hannu.
Kin jera su kamar 'yan lakwal, ta ce,
ta tsakaninsu zai sulale.
Ta share, ta sassaɓa su kamar saƙar tabarma.
Abin da shafi na sha tara zai faɗa ke nan,
da mun kai.

Abokin aikina Haladu ya bar waccan manhaja tun bara,
rubutu zalla yake yi, na'ura ta yanka masa shafi.
Agali taswira ɗaya gare shi, babba,
ya matso da ita har ka ga rijiya, ya ja baya har ka ga Adar.
Ban ce sun yi kuskure ba.
Amma duka biyun sai da soket.

Ni yanzu igiya ce a jakata, da maƙalan shanya,
da hotuna takwas da aka wanke a kasuwa.
Nakan miƙa su hannu zuwa hannu,
su dawo da shatin yatsa da jan goro,
wani ma ba ya dawowa.

Ran nan sai azahar wuta ta dawo.
Muna waje, hannu duk laka, ana gardamar faɗin rami.
Na shiga ɗauko jaka
na tarar da shafi na bakwai a bango,
yana ta bayani
ga kujeru.