Kwalekwalen Ran Laraba

Ran Laraba, tun kogin Nanay bai gama hamma ba,
Eusebio Tuanama ke kwance igiya
ya nufi ɗakin shan magani na ƙauye.
Ba kifi zai ɗauko ba, ba ayaba ba:
jajayen ledoji bakwai, an shaƙe musu wuya,
da akwati ruwan ɗorawa cike da allurai
mai kukan caki duk sanda igiyar ruwa ta taɓa shi.

Safar hannu biyu, wata kan wata.
Ba ya rungumar leda kamar buhun rogo.
Ta wuya yake kama ta, nesa da cinya,
yadda ake ɗaga macijin da aka ce ya mutu.

Ya san dalili.
Bara waccan allura ta leƙo daga cikin auduga,
ta sumbaci tafin abokinsa Celestino.
Ɗigon jini ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
amma wata uku mutumin na jiran takardar gwaji,
abinci ba ɗanɗano, barci rabi da rabi.
Takarda ta zo da fari. Bai sake taɓa leda ba.

Shi ya sa yake ƙorafi gun nas Florinda:
"Kar ki cika ta har baki, bar mata wurin ɗauri.
Mai tsini kuma akwati ne gidansa."
Ta harare shi da idon da ya kwana kan haihuwa biyu,
sannan ta sunkuya ta ƙara ƙulli.

Yau a wata kwana, ƙarƙashin gidaje masu dogayen ƙafafu,
ya hangi yara uku suna yaƙi,
suna harbin juna da ruwan kogi
daga sirinjin da ambaliya ta kawo musu kyauta.
Ya kashe inji.
Bai yi tsawa ba. Ya buɗe ƙunshin kalacinsa,
gasasshen kifi da soyayyiyar ayaba,
aka yi ciniki: loma ɗaya, sirinji ɗaya.
Ƙaramin ya ƙi, sai da aka ƙara masa hula.

A Iquitos aka ɗora kaya a sikeli,
aka rubuta, ya sa hannu,
ƙofar tanderu ta rufe bakinta.

Ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa.
Cikinsa na ƙugi, rana na dukan ƙeyarsa.
A gida 'yarsa za ta shinshina yatsunsa
ta ce, "Baba, kullum warin asibiti."
Zai ce mata, wari kaɗai na kawo.