Ungulun da Ke Ƙarƙashin Gadona

Shagona taku huɗu ne a Fagge,
tsakanin mai gyaran agogo da mai buga katin biki.
A allon ƙofa an rubuta: Tasi'u Mai Zane.
Ba albashi, ba fansho.
Duk wanda ya shigo da aiki, shi ne maigidana har ya fita.

Da gawayi na fara, a bangon zauren kakana a Yakasai.
Damo na zana, ya fito kamar taɓarya mai ƙafa huɗu.
An mare ni saboda bangon,
ba wanda ya ce uffan a kan damon.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Na yi wa masu littafin firamare bushiya da hawainiya.
Na yi wa mai gidan burodi zaki,
ya ce in sa shi murmushi.
Na ce zaki ba ya murmushi.
Ya ce nawa na kuɗina yana yi.
Na sa shi murmushi, ranar an ci nama a gidana.

Ran Talata nake zuwa Gidan Zu, lokacin ba cunkoso.
Kurar nan ta san ni, ko kai ba ta ɗagawa.
Wata uku ina zaune gabanta
kafin hannuna ya yarda da gangaren bayanta.
Ido kan gani da wuri,
hannu ne mai taurin kai.

Sau biyu na bi masu bincike Falgore.
Na dawo da cizon ƙudan tsando
da zanen sawun gwanki, shi gwankin bai amince ba.
Suka biya ni da hula mai tambari
da "za mu neme ka."

Malam Hadi maƙwabcina kan tsaya a bakin ƙofa:
"Tasi'u, in gobe aka ce hura masa rai fa?"
Sai in ajiye burushi. Ba na ja da mai ilimi.
In ce, "Malam, ban ce na halitta ba,
gashin fiffike nake ƙirgawa,
in ga yadda Mai shi ya jera abinsa."
Ya ce Allah ya shirye mu. In ce amin, har zuci.
Wani daren maganar kan bi ni gida,
ta zauna a gefen tabarma.

Yanzu yaro kan latsa waya,
damisa ta fito kafin shayi ya huce,
wani sa'in da ƙafa biyar, amma kyauta ce.
Ni kuwa na koma rubuta allon kanti
da kirarin bayan adaidaita sahu.

A ƙarƙashin gadona akwai tsohon kwali.
Ungulu ne ciki, saba'in da huɗu.
Da ina saurayi, rufin Abbatuwa baƙi ƙirin yake da su,
suna tafiyar ƙasaita tsakanin mahauta
kamar su ma suna da hannun jari.
Na zana su suna shanya fiffike,
na zana su suna faɗa a kan hanji,
na zana wata gurguwa da nake kira Hajjo.
Ba wanda ya taya ko ɗaya.
Wa zai rataye ungulu a falo?

Ban san ranar da suka tafi ba.
Wata safiya dai na ɗaga kai, sai kwano tsirara.
An ce ta koma gidanta na tsamiya.
Na je na duba tsamiyar,
an sare, an yi gidan mai.

Jiya jikata Lantana ta jawo kwalin,
ta ɗaga Hajjo zuwa hasken taga:
"Baba, wannan wace irin kaza ce mai sanƙo?"
Na buɗe baki, na rufe.
Na feƙe mata fensir da reza,
na ɗora hannuna mai rawa a kan nata.
Na ce daga wuya ake farawa,
lanƙwasa shi a hankali.
A'a, ba haka ba. Kawo abin gogewa.