Numfashin Tanki

Tankin babana na ƙarfe ne, kore,
shekara goma sha tara yana bin sa teku.
Tsatsa ta ci gindinsa a ɓoye, kamar gara.
Ran da muka dawo daga kai Baba makwanci
na ɗaga shi, sai ga yashi ya jiƙe da fetur.
Shi ma ya gaji da zaman ruwa.

Na shiga Castro da kuɗin dankali buhu huɗu.
Don Heriberto, mai shagon bakin gaɓa,
ya sauke tabarau bisa karan hanci:
"Nolfa, injin naki doki nawa ne?"
"Sha biyar."
"Daga ina zuwa ina?"
"Tsibirin Quehui zuwa nan, da komawa."

Idona na kan babba, mai lita hamsin.
Ya yi dariya har da tari.
"Cika shi ki ɗaga mu gani.
Tankin da ba ki iya sauke shi ke kaɗai
ba naki ba ne, ke ce tasa.
Ga mai ashirin da biyar, ja, robarsa da kauri,
gishiri bai cin sa, ga hannun riƙewa."

Ya ƙwanƙwasa cikinsa kamar mai zaɓen kankana,
ya nuna mini allurar da ke kan murfi,
da tiyo, da ɗan ƙwallon da ake matsawa.

"Kada ki zuba mai yana cikin jirgi,
sauke shi ƙasa tukun.
Kada ki cika shi fal, bar yatsa uku,
fetur na kumbura in rana ta taɓa shi.
Nema masa inuwa. Ɗaure shi tamau.
Tanki mai yawo a cikin jirgi
wuta yake kira, ita kuwa ba ta ƙin amsawa."

Sauran karatun a gida na same shi.
Baba kan ce: raba manki uku,
ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa,
na ukun ba naki ba ne,
ajiya ce, mai ita yana zuwa.

Ran Alhamis, da lodin ciyawar teku,
hazo ya rufe har ban ga goshin jirgi ba.
A tsakiyar mashigi injin ya yi tari,
ya sake tari,
ya yi shiru.
Na ja igiya har tafina ya saɓule.
Ruwa na jan mu kudu, a hankali,
irin jan da ba ya shawara da kowa.

Na zagi Heriberto. Na zagi roba.
Sai na durƙusa, na ga tankin ya shafe ciki
kamar karen da ya kwana uku bai ci ba.
Ɗan kusar iska na kan murfi!
Ni na murɗe shi jiya da dare,
da safe na manta da buɗewa.

Na sassauta shi.
Ya ja numfashi, dogo, fuuu,
irin ajiyar zuciyar Baba
in na ɗaure ƙulli ba daidai ba.
Na matsa ƙwallo har ya yi tauri a hannu.
Ja na biyu, injin ya amsa da tsawa.

Kusa da gida na ji ana bugun gwangwani.
Tsoho Abelardo ne, mansa ya ƙare,
filafili ɗaya, hannu na rawa.
Na jefa masa igiya, na dubi allura:
ga mai ajiya ya zo karɓa.
Muka taɓa yashi tana kwance a ƙasa,
babu abin da ya rage sai warin mai da dariyarmu.

Koren tankin na wanke, na yanke kansa,
na cika shi da ƙasa a bakin ƙofa.
Albasa ta fito.
Jan kuwa yana rumfa, nesa da murhu,
kusarsa a murɗe,
sai da safe in buɗe masa kafin mu shiga ruwa.