Gurbin Eliseo

A tsibirin Chiloé cocinmu na katako ne,
ruwan sama kuwa bai san Lahadi ba.
Ya shigo ana tsakiyar waƙa,
rigarsa na ɗiga, tana ƙarnin kifi.

Ya ga gurbi guda a layi na uku,
ya zauna.

Waƙa ta maƙale mana a wuya.
Gurbin Eliseo ne.
Shekara huɗu da teku ta riƙe shi,
ko hula ba a taɓa ajiyewa a wurin ba.

Eduvina, matarsa, ba ta da fara'a,
kowa ya sani.
Ta dubi ruwan da ya kwanta ƙarƙashin takalminsa.
Ni har na yunƙura in ja shi baya.

Sai ta buɗe jaka,
ta zaro littafin waƙoƙin marigayi,
ta ɗora masa a tafin hannu,
yatsanta kan baitin da muke.

"Ɗaga murya," in ji ta.
"Mai wurin ma bai iya waƙa ba."

Na koma na zauna da kunyata.
Da aka tashi ta tambayi sunansa.
Nibaldo.
Ta ce akwai dankali a wuta.