Lam a Ƙofar Zaure

Ina zaure a Kwarbai, riga a cinyata,
aska takwas, na gama shida,
Lawali na Damagaram ya yi sallama,
sababbin sefa na ƙara a aljihunsa.

Bara uku ya ɗauka,
muka ja ciniki har la'asar ta so kuɓuce mana.
Bana ko tayi bai yi ba.
Ya ce a naɗe masa sha biyu,
ya haɗa da huluna, ya bar wa yara na alewa.
Na raka shi bakin titi ina godiya,
ban san ni aka yi wa araha ba.

Washegari na hau keke zuwa Sabon Gari.
Obiora ya juyo mini fuskar kalkuleta,
ya ce, Malam Ɗalhatu, ba ni ba ne, dala ce.
Dalar nan ban taɓa riƙe ta ba,
ban san ƙamshinta ba,
amma ita ke riƙe da almakashi
duk ranar da za a yanka mini shadda.
Zare daga Sin, allura daga Sin,
kuɗin riga sha biyu
ya sayo mini kayan bakwai da rabi.

A Kwangila na tsaya motoci su wuce,
masara da waken suya sun nufi arewa, har da rangaji.
A Tudun Wada tiyar da aka auna mini
ta zo da sabon farashi, ba toliya.

Da daddare Sa'adiyya ta dawo daga Samaru.
Ta ce, Baba, ƙasa ma tana da sikeli:
gefe guda abin da ta sayar,
gefe guda abin da ta sayo.
In naira ta durƙusa, baƙo zai kwashi namu,
nasu kuma ya fi ƙarfin hannunmu.
Amma da fari giɓin faɗi yake ƙarawa,
tunda ba a daina buƙatar zare rana ɗaya.

Ta ɗau tsinke ta zana a ƙasa,
ta gangaro, ta gangaro, sannan ta lanƙwaso sama.
Na ce ai wannan lam ce.
Ta yi dariya, ta ce haka malaminsu ya zana.
Na ce to mu muna ina?
Ta ɗora tsinken a cikin kwarin.
Na ce wa zai ɗaga wutsiyar?
Ta ce wanda yake da abin sayarwa
da bai fara sayo shi daga waje ba.

Na kasa barci.
Na jawo adakar mahaifina daga ƙarƙashin gado,
na tarar da ƙullin zaren tsamiya
wanda wata tsohuwa ta kaɗa masa a Giwa
tun naira na kallon dala daga sama.
Na warware shi a gaban fitila, na auna da kamu.
Zai yi aska ɗaya.
Ɗayar kuma,
gobe in sake hawa keke.